Ciyawar fili da cututtukan damina: abin da masu kula da girin na golf ke yi, da yadda za mu yi shi a nan Kebbi

Duk shekara idan malka ta kankama, wajen tsakiyar Agusta, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin masu kula da ciyawa tun daga Birnin Kebbi, Argungu, Jega har Yawuri: ciyawa ta fara ƙonewa tsibi-tsibi, wane magani za a saya? Ni kam kafin in ambaci sunan magani sai na tambayi mutum ƙarfe nawa yake ban ruwa, kuma amsar kusan kullum ɗaya ce, wai bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ko da dare idan an kawo wuta. To malam a nan cutar take kwana. Ganyen da ya jiƙe tun magariba, raɓa ta zo ta ɗora nata, bai bushe ba sai tara na safe, ka ga ya yi awa 14 ko 15 cikin laima, kuma abin da funfuna ke nema ke nan ba wani abu ba.

Mafi yawan ilimin wanga aiki daga masu kula da girin na golf ya fito. Girin shi ne ɗan filin nan mai laushi da ke kewaye da ramin da ake jefa ƙwallo, yawanci bai wuce murabba'in mita 500 ko kusa da haka ba, amma ana aske shi kusan kullum har tsawon ciyawar ya koma milimita 3 zuwa 4 don ƙwallo ta riƙa gudu sumul. Ciyawar da ake wa irin wannan aski kullum a wahale take, saiwarta gajera, abu kaɗan ke kayar da ita, shi ya sa masu aikin suka zama kamar likitoci wajen lura da yanayi. Wanda ya taɓa shiga filin golf na IBB a Abuja ya ga irin ɗawainiyar. A wasu filayen golf na arewa ma tun zamanin Turawa haƙura aka yi da ciyawar, aka riƙa yin wurin ramin da yashi da aka cuɗa da mai, saboda rana da ƙarancin ruwa. Mu a nan abin da ke hannunmu filin ƙwallo ne, lambun otal, wurin biki, harabar makaranta da gidajen manya, kuma cututtukan su ne dai, sai dai namu ya fi sauƙi tunda muna barin ciyawa ta kai santimita 3 zuwa 5.

Abu na farko, ka san irin ciyawar da kake da ita. Yawancin abin da ake shukawa a nan ko dai Bahama ce, wato kiri-kiri mai siririn ganye da ke yaɗo, ko kafet mai faɗin ganye wadda ta fi jure inuwa amma ta fi son ruwa. Duka biyun ciyawar ƙasar zafi ce. Wannan yana da muhimmanci domin idan ka shiga intanet, yawancin bidiyon da za ka gani na Ingila ne ko arewacin Amurka, inda ciyawarsu mai son sanyi ce kuma lokacin cutarsu daban, kada ka kwafi jadawalin feshinsu ka kawo Gwandu. Ka ɗauki dalilin, ka bar watannin.

Ƙwayar cutar kuma yawanci ba daga wani wuri take zuwa ba, tana nan cikin ƙasar da cikin matacciyar ciyawar da ta taru ƙarƙashi, shekara da shekaru, ba za ka iya ƙarar da ita ba ko ka zuba magani buhu guda. Jira take abu biyu su haɗu: ganye ya daɗe a jiƙe, zafin dare kuma ya yi daidai da abin da take so. Manoman albasa na Aliero sun san wannan sarai, ranar da suka ga raɓa ta yi nauyi garin ya yi lumshi ba sa jiran sai ganye ya fara tabo kafin su tashi tsaye. Zafin dare ba ka da iko da shi. Awannin da ganye ke yi a jiƙe kuwa, rabi a hannunka suke.

Don haka ka nemi ɗan agogon nan na batir mai nuna zafi da danshin iska, ana samunsa wajen masu kayan kiwon kaji don da shi suke lura da ƙyanƙyasa, ka rataye shi a inuwa kusa da filin, ba jikin bangon siminti da ke riƙe zafi ba. Ka sami ɗan littafi, kullum da asuba ka rubuta zafin da ka tarar, danshi, ko an yi ruwa, da lokacin da ganye ya bushe. Mutane na raina wannan amma bayan damina ɗaya littafin nan zai gaya maka makon da filinka ke kamuwa da kuma kusurwar da ke fara kamuwa, shekara mai zuwa ba sai ka yi lalube ba. Hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ke fitarwa farkon kowace shekara shi ma ka saurare shi, ko don ka san lokacin da za ka tanadi yashi da magani.

Duba fili da asuba ake yi, bayan an idar da salla kafin rana ta fito sosai. Idan ka bari sai goma, shaidar ta tafi, domin zaren funfuna bushewa yake da zarar rana ta taɓa shi, sai ka tarar da jan tabo kawai wanda duk cututtukan ke kama da juna. Ka durƙusa, kada ka tsaya daga nesa kana hange. Ka taɓa ganyen da ke bakin tabon inda mai rai da matacce suka haɗu, ba tsakiya ba, tsakiya ya riga ya mutu ba abin da zai nuna maka. Za ka ga saƙar gizo-gizo ita ma da safe, kada ta ruɗe ka, ita a shimfiɗe take saman ciyawa kuma ganyen da ke ƙarƙashinta lafiyarsa lau, zaren cuta kuwa daga jikin ganyen yake fitowa yana manne wannan da wancan, ganyen kuma ya sauya kala.

Wadda ta fi kowace ban tsoro ita ce ƙunar Fitiyam, ta lokacin malka. Sharaɗinta rana ta kai digiri 30 ko fiye, dare bai sauka ƙasa da 20 ba, danshin iska ya wuce kashi 90 na awa 14 ko fiye, ka ga Yuli da Agusta namu ke nan idan aka jera kwana biyu uku ana yayyafi ba rana. Da asuba ganyen zai yi duhu ya yi santsi kamar an shafa masa mai, idan ka murza shi tsakanin yatsu sai ya narke, ga farin abu mai kama da auduga a kai, wani lokacin har wari-wari yake yi. Babbar alamarta ita ce bin ruwa take, duk inda ruwa ke gangarawa ko kwanciya nan za ka ga ta ja layi, idan kuma aka bi da injin yanka ta kai, sai ka ga sawun tayar injin ya zama layin cuta har ƙarshen fili. A kwana ɗaya ko biyu tana iya cinye wuri mai faɗi, musamman sabuwar ciyawar da aka yafa irinta da yawa ta fito cunkus. Ranar da ka ganta, ka rufe famfo, ka hana kowa takawa, kada inji ya shiga sai ganye ya bushe, ka buɗe wa ruwan da ya kwanta hanya ko da ɗan lambatu ne da fartanya. Kuma ka sani ita ba funfuna ce ta ainihi ba, dangin cutar nan ce da ke ƙona tumatir da dankalin Turawa, shi ya sa magungunan funfuna da yawa ba sa taɓa ta, sai masu ɗauke da metalaxyl ko fosetyl ko propamocarb, haka za ka ga an rubuta jikin kwalin. Mutum zai fesa abin da ba nata ba sau uku ya ce magani jabu ne, alhali ba jabu ba ne.

Sai tabon ganye, wanda Bahama ta fi yi idan gari ya daɗe da gajimare. Ƙananan ɗigo ne masu ruwan ƙasa-ƙasa ko shunayya a jikin ganye, daga nesa sai filin ya yi ja-ja kamar ƙishi yake ji, mai shi kuma ya ƙara ruwa ya ƙara yuriya, abin ya ci gaba har ya sauka kara da saiwa ciyawar ta yi sharara. Wannan yawan yuriya ne da inuwa ke kiranta. Ɗaga aski kaɗan, rage taki, ta kan lafa da kanta idan rana ta dawo.

Akwai kuma dangin Rizoktoniya masu yin babban da'ira, daga faɗin faifai har mita ɗaya biyu ko fiye, bakin da'irar ya yi ruwan lemo ko ruwan ƙasa. Gwajinta mai sauƙi ne: ka kama ganye ɗaya a bakin tabon ka ja a hankali, idan ya zare ba gardama ka ga gindinsa ya ruɓe ya yi baƙi, ita ce. A ciyawar ƙasar zafi ta fi tasowa lokacin da ciyawar ta rage girma saboda sanyi, zafin ƙasa ya sauka wajen digiri 21 zuwa ƙasa, ga kuma laima. Da hunturu iskarmu busasshiya ce ƙwarai, don haka idan ka ganta a Disamba ko Janairu to da tiyo aka kira ta, wato an ci gaba da ban ruwa irin na bazara alhali ciyawar ba ta shan ko rabinsa. Saiwa yawanci tana nan da rai, idan zafi ya dawo takan farfaɗo, sai dai ka yi alama a wurin domin nan take komawa duk shekara.

Da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwan sama ya ɗauke amma raɓa ta yi yawa musamman wuraren da ke kusa da fadama da bakin gulbi, rana da ɗumi dare da sanyi-sanyi, lokacin cutar da ake kira tabon dala ke nan. A girin na golf ƙananan tabo ne farare kamar bambaro, faɗin santimita 2 zuwa 5, zagayayyu, idan suka yi yawa su haɗe, a ciyawa mai tsawo kuma sun fi haka faɗi. Ka ɗauki ganye ɗaya ka duba, za ka ga farin tabo ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe da jan layi sama da ƙasa. Tana son zafi tsakanin digiri 15 zuwa 30, kuma saɓanin Fitiyam da ke son ciyawar da ta ƙoshi da taki, ita ciyawa mai yunwa take kamawa, damina ta wanke taki ba a mayar ba. A Amurka ita ce cutar da masu golf suka fi kashe wa kuɗi, har masu bincike a jami'ar Wisconsin suka fitar da lissafin da ake kira Smith-Kerns a 2018, ana ɗaukar matsakaicin zafi da danshin kwana biyar a jere, idan haɗarin ya kai kashi 20 sai a yi feshi. An gina shi kan ciyawarsu ta sanyi ne, amma darasin ya shafe mu: kwana biyar da suka wuce ake dubawa, ba yau kaɗai ba. Mu a nan sau da yawa ɗan taki da share raɓa sun wadatar.

Ba kowane jan tabo ne cuta ba fa. Gara na yi, fitsarin dabba na yi, man inji da ya zuba na yi, yuriyar da aka watsa ba a bi da ruwa ba na yi, sannan da bazara akwai wurin da ƙasa ke ƙin shan ruwa, ka zuba ya gangare, ka tona ka tarar da ita bushe ƙamas. Ga kuma tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, Bahama na cikin abincinta. Idan kana zargin tsutsa, ka zuba sabulun wanke-wanke na ruwa cokali biyu cikin lita 4 na ruwa, ka kwarara a murabba'in mita ɗaya a bakin tabon, ka jira minti biyar zuwa goma, in suna nan za su fito da kansu. Idan funfuna kake zargi amma ba ka ga zare ba, ka yanko ɗan guntun ciyawar da ƙasarta daga bakin tabon, ka sa a leda da jiƙaƙƙen tsumma ka ɗaure, ka ajiye cikin ɗaki ya kwana, da safe zaren zai bayyana in akwai.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce rabin aikin. Lokacin ban ruwa daga huɗu zuwa bakwai na safe ne, sa'ad da ganye dama a jiƙe yake da raɓa, ka ga ba ka ƙara masa ko awa ɗaya ba, ka ma wanke masa wani ruwa mai zaƙi da ganye ke fitarwa a bakinsa cikin dare wanda funfuna ke ci. Na san abin da za a ce, wuta ba ta zuwa da asuba, sola kuma ba ya ɗaukar famfo sai rana ta ɗaga. Maganin wannan tanki ne, a cika shi lokacin da aka samu, a saki da asuba. In ba tanki, ka bari raɓa ta bushe ƙaf tukuna sannan ka ba da ruwa da hantsi ko azahar, amma ka tsaya tun kafin la'asar don ganye ya bushe kafin rana ta faɗi. Kuma ba kullum-kullum ɗan yayyafi ba, a ba shi ya ratsa sannan a bar shi ya nema, haka saiwa ke nutsewa. Ka jera gwangwanayen madara huɗu biyar a fili ka kunna ruwa na rabin awa ka auna da rula, milimita ɗaya a gwangwani daidai yake da lita ɗaya a murabba'in mita. Da bazara, Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ciyawa na iya shan milimita 6 zuwa 8 a rana, a lokacin ko ka ɗan watsa mata da tsakar rana ba laifi don cikin mintuna ta bushe. Da malka kuwa sati na iya wucewa ba ka taɓa famfo ba, amma sai ka ga yaro na tsaye da tiyo washegarin ruwan sama wai oga ya ce kullum a ba da ruwa. Ka soka wuƙa ko sukudireba a ƙasa, in ta shiga santimita 10 ba wahala ta fito da danshi, a bar famfo ya huta.

Share raɓa shi ne aikin da ya fi kowane arha kuma ba mai yi. A filayen golf ma'aikata na fita tun duhu-duhu da doguwar sanda mai lanƙwasa suna kaɗa ta saman girin. Kai tiyonka ya isa, mutum biyu su kama baki da baki su ja shi a kan ciyawar daga wannan gefe zuwa wancan, ko igiya mai kauri, ko doguwar gora in wurin ƙarami ne. Raɓar ta zube ƙasa, ganye ya bushe awa biyu ko uku kafin lokacinsa. Da kaka wannan kaɗai na rage tabon dala sosai. Sai dai ranar da ka ga Fitiyam kada ka ja komai ta kanta, raba ta za ka yi.

Iska da rana su ma ka duba. Kusurwar da katanga ta tare ta gabas ko dogon yaro ya rufe, ita ce kullum ke fara ciwo domin ranar safe ba ta isa wurin. Ba na cewa a sare itace, a wannan ƙasa tamu inuwa ba abin wasa ba ce, amma a rage rassan ƙasa da na gefen gabas kafin damina, iska ta riƙa ratsawa. Inda inuwar ta yi yawa Bahama ba za ta taɓa yin kyau ba ko me ka zuba, a sa kafet ko a haƙura a zuba tsakuwa.

Taki kuma da awo. Yuriya kashi 46 ɗinta sinadarin da ke sa ganye ne, tana da ƙarfi, kuma al'adarmu a watsa da yawa farkon Agusta don fili ya yi shar saboda biki, ganye ya fito da laushi cike da ruwa, Fitiyam ta samu abin da take so. Masu girin kaɗan-kaɗan suke ba da shi, wajen giram ɗaya na yuriya a murabba'in mita duk sati ko kwana goma, wato rabin kilo a narka a ruwa a fesa wa girin mai mita 500. A lambu ko filin ƙwallo kada ka wuce giram 10 a murabba'in mita a zubi ɗaya, ka bi da ruwa nan take. Ka ba da shi farkon damina ciyawa ta kafu, ka ja hannu da malka, ka mayar da kaɗan da kaka, da hunturu kuma ka rage don ba ta girma sosai. Takin gargajiya in za ka sa to wanda ya ruɓe sosai aka tankaɗe, ɗanyen kashin shanu irin ciyawar daji kawai zai kawo maka da gara.

Wajen aski, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya, ko da ruwa ya hana ka shiga sati biyu, ka sauko da ita mataki-mataki. Wuƙar inji ta zama mai kaifi, dakusasshiya tsaga ganye take ta bar baki fari-fari, ƙofar cuta ke nan. Da malka ka ɗaga tsawon kaɗan, a girin ko rabin milimita na taimakawa. In akwai wuri mai cuta shi za a yanka ƙarshe, a kwashe abin da aka yanka a kai nesa, a wanke ƙarƙashin injin da tayoyinsa a wajen fili. Masu yawo da inji gida-gida suna yanka, ku ji tsoron Allah ku riƙa wankewa tsakanin gida da gida.

Ƙarƙashin ganye akwai shimfiɗar matattun kara da saiwa da ke taruwa, Bahama ta fi tara ta. Ka yanka ƙasa da wuƙa ka duba ta gefe, in kaurinta ya wuce santimita ɗaya da ɗan abu, to tana riƙe ruwa a sama kuma gidan funfuna ce. Ana tsefe ta da manjagarar ƙarfe ko inji, a soka fok ɗin lambu zurfin santimita 8 zuwa 10 ko'ina, sannan a watsa yashi sirara a share shi ya shige ramukan. Yashin gulbi muna da shi alhamdu lillahi, amma a tankaɗe shi, a tabbatar ba laka, don laka toshe ƙasa take. Lokacin wannan aiki farkon damina ne, Yuni, sa'ad da ciyawa ke da ƙarfin rufe ciwonta, ba tsakiyar cuta ba kuma ba da hunturu ba. Girin na zamani da ake ginawa bisa tsarin hukumar golf ta Amurka, wanda suka fara fitarwa a 1960, yashi ne zurfin santimita 30 a kan tsakuwa santimita 10 da bututan fitar da ruwa a ƙasa, duk don kada ruwa ya kwanta. Mai shirin sabon fili ko bai iya wannan ba, ya ba wurin ɗan gangare, ya cike kwaruruka tun kafin shuka. In ka ga baƙar gansakuka ta lulluɓe ƙasa inda ciyawa ta yi sharara, ita ma saƙon ɗaya ne, ruwa ya yi yawa rana ta yi kaɗan.

Sai magani, in ya zama dole. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai masu zama saman ganye su tsare shi, irin mancozeb da chlorothalonil, su rigakafi ne, ba sa warkar da abin da ya riga ya shiga, aski da ruwan sama na cire su, ƙarfinsu sati ɗaya zuwa biyu. Akwai masu shiga jikin ciyawa, irin azoxystrobin da propiconazole da metalaxyl, su kan kai sati biyu zuwa uku, amma idan ka nace wa guda ɗaya cutar sabawa take da shi ya daina aiki, don haka a riƙa sauyawa, kuma sauya sunan kamfani ba sauyi ba ne, sinadarin da ke ciki za ka duba. Azoxystrobin na da kyau kan Rizoktoniya amma ba shi da ƙarfi kan tabon dala. Propiconazole da 'yan uwansa na kama tabon dala, sai dai suna iya daƙile Bahama in aka fesa cikin tsananin zafi, a kiyaye. Ka sayi mai lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, awon da ke jikin kwali shi za ka bi ba na mai shago ba. Idan littafinka ya nuna maka duk shekara mako kaza Fitiyam ke zuwa kusurwa kaza, ka fesa wa kusurwar kafin makon, ya fi ka fesa fili duka bayan ta ci.

Famfon goyo mai lita 16 ya kamata ya rufe wajen murabba'in mita 200, wato lita 8 a kowace 100. Ka gwada da ruwa zalla tukuna, ka auna wuri mita 10 sau 10 ka ga lita nawa tafiyarka ke ci, sai ka daidaita sauri. Fesa bayan raɓa ta bushe ko an share ta, ba iska, ba hadari a gabas, ba tsakar rana ba. Kuma don Allah famfon da aka yi feshin kashe ciyawa da shi a gona kada ya shigo fili, ko an ɗauraye, ɗan abin da ya rage a tiyo ya isa ya zana maka layi-layi ja da za ka ɗauka sabuwar cuta ce. A sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba, a hana yara da awaki shiga sai ya bushe. Chlorothalonil guba ne ga kifi ƙwarai, ragowar magani da ruwan wankin famfo kada su bi lambatu zuwa gulbi ko tafkin kifi, mu da kifi ke cikin abincinmu da sana'armu.

Wurin da ya mutu, ka jira cutar ta tsaya, ka gane haka idan asuba uku a jere ba zare kuma bakin tabon bai ƙara faɗi ba. Ka kwashe mataccen da manjagara, ka sassoka fok, ka zuba yashi. In tabon bai wuce tafin hannu biyu ba Bahama za ta rufe shi da kanta cikin 'yan makonni idan akwai ɗumi. In ya fi haka, ka yanko guntaye masu lafiya daga gefen fili ka dasa tazarar taƙi ɗaya-ɗaya, ka danna su da ƙafa, ka riƙa ba su ruwa da safe kawai, taki kuma sai ka ga sabon yaɗo ya fara fita.